Gyaran Gangar Auzinawa

Akwai ƙarar da ke kaɗa hantar matan aure fiye da tsawa: ƙarar tsohon gwangwanin madara da ake tara ƙusoshi da notina a ciki, idan maigida ya zazzage shi a tsakar gida ranar Asabar da hantsi. Da jin ta uwargida ta san yau wani abu zai mutu a gidan. Yara kan sulale su yi waje, don sun san duk wanda ya tsaya shi zai riƙe tocila awa biyu, a kuma yi masa faɗa a kan bai iya haskawa ba. Maigida kuwa, daga shi sai singileti da tsohon wandon shadda, yana zagayawa yana ƙare wa kayan gida kallo irin na mahauci a kara. Fankar falo tana juyawa lafiya lau, sai 'yar ƙara da take yi. Da ita za a fara.

"Malam, da ka bari an kira mai gyara."

"Mai gyara? Don wannan ɗan abin? Kin san nawa zai ce? Miƙo min wuƙa."

Wuƙar yanka albasa ita ce sukudirebar gidan Malam Bahaushe, shi ya sa da wuya a shiga kicin a samu wuƙar da bakinta bai karye ba. Taɓarya ce guduma, haƙori ne filaya.

A yi masa adalci, ba son wahala ne ya kai shi ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi, aka kuma saki Naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, mai gyaran famfo ba ya taɓa famfo sai ya fara lissafa kuɗin Adaidaita zuwa da komawa. Nan take kowane magidanci ya wayi gari injiniya. Makarantarsa TikTok da YouTube, karatunsa bidiyon daƙiƙa 40 na wani Bature da ke tsaye a gareji mai tsafta kamar ɗakin tiyata, sifanu jere a bango tun daga ƙarami har babba. Maigida ya kalla sau biyu, ya gyaɗa kai, ya ce ashe ma abin ba wuya.

Kayan aikinsa na gaskiya biyu ne. Na farko roba, wato tsohon tub ɗin taya da aka yanka siri-siri. Wannan ta cancanci lambar yabo ta ƙasa. Ita ke ɗaure bututun ruwa da ya tsage, ita ke riƙe madubin mota, da bamba, da ƙafar kujera, da murfin firji. Duk ranar da aka ɗaura ta sai an ce na wucin gadi ne, zuwa ƙarshen wata. A wasu gidajen, yaron da aka haifa a watan da aka ɗaura robar ya shiga firamare, ita kuwa tana nan daram.

Na biyu Super Glue, kuma tarihinsa kaɗai ya isa gargaɗi. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Harry Coover, ne ya ci karo da shi a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana neman roba garai-garai da za a yi abin saitin bindiga. Ya watsar da shi saboda yana manne duk abin da ya taɓa, sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi. Danshi ne ke sa shi daskarewa, fatar mutum kuma ba ta rabo da danshi. Robar da ake yin bokiti da buta da ita kuwa tana cikin 'yan abubuwan da ba ya kamawa da kyau. Saboda haka sakamakon gyaran bokiti kusan kullum ɗaya ne: bokiti na ci gaba da yoyo, maigida na zaune babban yatsa da manuni a haɗe kamar mai jan carbi, yana tambaya ko akwai ruwan ɗumi da sabulu. Mai liƙin roba da ke yawo unguwa da 'yar wutar gawayi da tsohuwar wuƙa ya fi shi sanin kimiyya, don shi narkar da robar yake yi ta haɗe da 'yar uwarta.

Rimot ba ya cin kuɗin gyara, duka yake ci. A buga shi a tafin hannu, a murza batir, a cije shi, a shanya a rana kamar kuɓewa. Abin haushin shi ne wani lokacin dukan yana aiki, saboda girgizar tana motsa batirin ya sake taɓa ƙarfen da ya yi tsatsa. Nasara ɗaya irin wannan ita ke ba mutum ƙarfin gwiwar tunkarar mota.

A mota ne kuma ake ganin gyaran gangar Auzinawa na ainihi. Yawancin magidantan da suka manyanta sun buɗe ido ne da Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Mota ce ta ƙarfe da waya da kafireta, wadda direba mai sifana biyu da haƙuri zai iya tayar da ita a dajin Falgore. 'Yar Kwatanon da ke ƙofar gida yanzu kwamfuta ce mai tayoyi. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin da ke gano cutarta da kanta, a jona mata na'ura ta faɗi inda ke mata ciwo. Idan 'yar fitilar nan mai hoton inji ta kama a gaban direba, kira take yi a duba ta. Maganin da aka samo mata a nan shi ne baƙin salatif. A manne a kai, fitila ta ɓace, hankali ya kwanta. Wasu ma sitikar addu'a suke liƙawa, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sai maganar tamostat, ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe ruwa ya zagaya lagireto. An daɗe da yanke masa hukunci a majalisun unguwa: na ƙasar sanyi ne, ba na Kano ba. Sai a cire a jefar. Injin da ba ya kaiwa zafinsa kuwa ƙwaƙwalwar mota na ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta ƙara masa mai. Wato mutumin da ya shiga gyara da kansa don tsadar fetur ya cire abin da ke rage masa shan fetur, sannan ya zauna a majalisa yana tsine wa gidajen mai a kan litarsu ba ta cika. Lagireton ma ruwan rijiyar burtsatse ake ɗura masa, ya yi ta tara tsatsa da ƙanzo. Idan ya fara yoyo akwai masu fasa ɗanyen ƙwai a ciki. Ƙwan yana dahuwa ya toshe hujin na ɗan lokaci, ya kuma toshe 'yan hanyoyin ruwan da ba a aike shi ba.

Ba duka dabarun ne shirme ba, kuma nan ne abin yake da ruɗarwa. Sabulun wanki da direbobi ke murzawa a tankin mai da ya huje yana aiki, domin fetur ba ya narkar da sabulu, zai kai mutum garin gaba, sai dai a yi addu'a kada a yi ruwan sama. Man goge baki yana wanke fitilar mota da ta yi jawur, saboda akwai ɗan gari mai kaushi a cikinsa da ke kankare saman robar, ko da yake bayan 'yan watanni rana za ta mayar da ita yadda take. Coca-Cola tana cinye farin garin da ke taruwa a kan batir, don akwai asid a cikinta, amma tana barin sukari, da safe a buɗe bonet a tarar da tururuwa sun yi taron suna. Cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, da ɗan basilin a shafa bayan an goge, ya fi ta aiki ya fi ta araha, ga shi kuma an bar wa yara lemonsu.

Wadda ba ta da ban dariya ita ce ta ruwan Omo a madadin man birki, dabarar da ta daɗe a tashoshin mota. Ruwa na tafasa a digiri 100. Man birki mafi ƙanƙanta, mai lamba DOT 3, ba ya tafasa sai ya wuce digiri 205 idan sabo ne. A gangara mai tsawo irin ta hanyar Jos birki kan yi zafi sosai, ruwa ya zama tururi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe. Ɗan uwanta a cikin gida shi ne fiyus da aka maye da waya mai kauri ko takardar kwalin sigari. An yi fiyus ne don ya ƙone a madadin gida. Wanda ya sa masa wayar da ba ta ƙonewa ya miƙa aikin ga wayar da ke cikin silin.

Duk wannan bidirin da ake yi a waje, akwai wadda ta shekara 20 tana gyara a gidan ba tare da ta tara 'yan kallo ba. Uwargida tana goge gindin tukunya da toka, kamar yadda ta ga kakarta na yi. Toka tana da kaushi, kuma sinadarin da ke cikinta idan ya haɗu da maiƙo da ruwa yakan koma wani abu mai kama da sabulu, tushen da ake yin sabulun salo ke nan. Lemon tsami da gishiri suna fitar da tsatsa a wuƙa, su sa tasar tagulla ƙyalli, su narkar da farin ƙanzon da ke kwanciya a butar shayi. Kananzir na kwance notin da ya cije. Tsohon buroshin haƙori na shiga lungun da soso ba ya shiga. Babu bidiyo, babu mai riƙe tocila, babu abin da ya fashe. Amma idan ana lissafin masu hikima a gidan ba a sa sunanta, saboda nata aikin sunansa wanke-wanke, nasa kuwa sunansa gyara.

Sai dai ita ma zamani ya fara shigar ta. Tun da aka buɗe zaurukan WhatsApp na matan unguwa aka samu sabon ilimi mai suna haɗi: idan abu ɗaya yana wankewa, to uku a kwano ɗaya za su fi. A zuba Hypo, a ƙara ruwan wanke masai irin su Harpic, a kawo Izal, a rufe ƙofar banɗaki don ƙamshin ya kama. Bilic da asid idan suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, irin wadda sojojin Jamus suka saki a fagen yaƙin Ypres na ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915. A jikin robobin an rubuta kada a haɗa, amma wa ke karanta jikin roba? Sai a ga baiwar Allah ta fito tana tari, ido jawur, tana cewa lallai wannan haɗin yana da ƙarfi, ƙwayoyin cuta sun shiga uku.

Inda miji da mata suka yi ittifaƙi shi ne wayar da ta faɗa ruwa. Kowa ya san a buhun shinkafa ake binne ta. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta wa masu iPhone cewa su daina, don ɓurɓushin shinkafa na iya shiga ya ɓata wayar, a bar ta kawai a wuri mai iska ta bushe. Masu gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano sun saba karɓar waya da ƙwayar shinkafa maƙale a wajen caji. Da tsadar da shinkafa ta yi ma, a wasu gidajen ita ya kamata a riƙa karewa daga wayar.

Ranar Litinin da safe ake biyan bashin Asabar. Yaran unguwa sun turo mota har gareji, bakanike ya buɗe bonet ya yi shiru, irin shirun likitan da aka kawo wa mara lafiya bayan an gama zagaya masu magani. Ya ɗaga wata waya da aka naɗe da ledar burodi, ya sunsuna lagireto ya ji ƙarnin ƙwai.

"Alhaji, wa ya taɓa motar nan?"

"Wallahi, Injiniya, yaran nan ne. Ka san yaran yanzu."

Bakanike bai ce komai ba, yaransa dai suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Ya lissafo abin da za a sayo a Ƙofar Ruwa: abin da ya lalace tun farko, da abubuwa uku da suka lalace wajen gyara shi. Alhaji ya yi salati, ya ce kanikawan yanzu ba tsoron Allah, ya biya.

Da ya koma gida ya tarar da fankar falo a ƙasa, fukafukanta jingine da bango, ta daina ƙarar kam. Ya laluba aljihun wandon shadda ya ciro notina huɗu da ƙusa biyu da suka yi saura bayan ya mayar da komai, ya jujjuya su a tafin hannu, ya ce Turawan nan akwai ɓarnar ƙarfe, ya jefa su cikin gwangwanin madara. Daga nan ya tsaya a ƙofar kicin, ya karkata kai yana saurare.

"Hajiya, ba ki ji kamar firjin nan yana wata 'yar ƙara ba?"

Kafin magariba uwargida ta kwashe naman da ke ciki ta kai ajiya maƙwabta.