Mutanen Taron Ƙaro

Ƙaro dai ƙaro ne, wanda mai wankin hula ke jiƙawa don hula ta tsaya. Amma a rubuta sunansa da Faransanci a kan ƙyalle, a rataye a ƙofar zauren taro a Tasawa ko Mayahi, sai ya tara mutanen da ko biki ba ya haɗa su.

Farfesa ne ke buɗe fage. Ya taso daga Maraɗi da asuba, an ba shi minti 15, ya zo da hotuna 60. Ilimi kam akwai shi. Zai bayyana cewa ƙaro dogayen sarƙoƙi ne na sukari da ɗan furotin, in sun narke sai su lulluɓe ɗigon mai su hana shi haɗewa da ɗan'uwansa. Shi ya sa man ƙamshin lemon kwalba ba ya tasowa sama, shi ya sa masu haɗa magani ke ɗaure garin ƙwaya da shi, Turai kuma ta ba shi lamba E414. Yana ambaton Pierre-Gilles de Gennes, Bafaranshen da ya ci kyautar Nobel a 1991, kamar tare suka yi kiwon awaki. Wuta ta ɗauke tun a hoto na tara, shi kuwa yana ta nuna farin bango da sanda.

Kusa da shi tafinta ne, gwanin tsimi. Bayanin rabin awa yakan dawo: "Ya ce ƙaro abu ne mai kyau, a kula da shi." In kuwa dattijo daga Kornaka ko Gazawa ya ce "mun gode", sai tafinta ya buɗe Faransanci har da hannu, har Farfesa ya hau rubutu.

Akwai mai "'yar gudummawa". Ba ya tambaya, don ya san amsa. Yakan fara da shekarar da ya shiga aikin gandun daji.

Alaramma addu'a kawai aka gayyato shi, amma shi ne ya fi kowa saurare. Da ya ji cewa baƙin tukunya in an dama shi da ruwa zalla kwantawa yake yi, in an sa ƙaro kuwa ya daɗe bai kwanta ba, sai ya gyara rawani.

"Malam, wai tawada kake nufi?"

"Ita ce, Allah gafarta Malam. Shi kansa de Gennes da ita yake misali."

"Kuma a kan haka aka ba shi kuɗi?"

Farfesa ya shiga bayanin cewa kyautar ta shafi wasu abubuwa masu zurfi, amma Alaramma ya riga ya fara lissafin almajiransa.

Ɗan fardiyam ba ruwansa da wannan duka. Makon jiya taron tamowa ya halarta, gobe na gawo. Biro biyu yake zuwa da su, kada ɗaya ya ƙi yi lokacin sa hannu. Alhaji kuma tambayarsa ɗaya: nawa tiya? Ya san Sudan ce ta fi kowace ƙasa fitar da ƙaro, ya san yaƙi ya ɓarke can a watan Afrilun 2023, wayarsa kuma tana kan layin Kano tun kafin a yi addu'ar buɗewa.

Wanda nake tausaya wa ɗalibi ne. Shi ya dama, ya tace, ya auna kauri, ya zo da kwalabensa cikin kwali. An sa shi bayan cin abinci, aka kuma rage masa lokaci saboda manyan baƙi za su kama hanya.

Can baya Inna ce zaune, hannuwanta duk zanen ƙaya. Ita ta san cewa sai bayan damina, ganye ya fara zuba, ake tsaga dakwara, a jira makonni kafin ƙaro ya daskare. Ita ta kawo wanda aka ajiye a tebur don nuni. Sai daf da rufewa shugaban taro ya tuna da ita.

"Inna, ko kina da magana?"

"Ina da ita, ɗana. Ƙaron dai na ga manyan malamai sun cinye, Allah ya amfana. A ba ni kwanona, motar Mayahi ba ta jira."