Kawu, Ajiye Kofin Mu Yi Magana

Tun ranar da na furta a teburin mai shayi na Damilu cewa a ƙasar nan an taɓa ƙulla wa Nasara tuggu a ɓoye, ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Kawu har ƙwarewa ya yi don dariya. Wai ƙungiyar asiri sai a fim ɗin Indiya. Mu nan, in ji shi, abin da aka raɗa a Damilu da hantsi, kafin la'asar ya haye gada ya isa Girei. Allah ya ja zamaninka, Kawu, riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ran 2 ga Satumba 1901 Kanar Morland ya biyo Binuwai a jirgin ruwa ya buɗe wa fadar Yola wuta. Lamido Zubairu ya tare shi da igwa biyu da wani Bafaranshe, Mizon, ya ba shi, da ragowar 'yan bindigar Rabe. Da aka ci garin ya fita, ya gwabza da Jamusawa a Garwa da Marwa, bai ajiye takobi ba har aka kashe shi a ƙasar Lala a 1903. Masu cewa "ai gudu ya yi", na gan ku ranar da tayar Keke Napep ta fashe a bakin titi. Har yau ana cigiyar takalmin wani.

Wannan yaƙin fili ne. Na ɓoye kuwa Mahdiyya ce. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya zauna a Balda ya yi wa Mahdin Sudan mubaya'a ta wasiƙa. Ba ofis, ba katin jam'iyya, ba hula mai tambari. Malamai ne da almajirai da masu tafiya Makka a ƙafa ke kai saƙo daga zaure zuwa zaure, Bature yana kallonsu da gora da allo yana ɗauka bara suka fito. Sai ga tawayen garin Satiru a Fabrairun 1906: talakawa da gatura da fartanya suka kashe Turawa uku da sojoji 25. Ɗaya daga cikin jagororin, Ɗan Makaho, daga ƙasar Faransi ya tsallako, kuma ba ya gani. Shekara na zagayowa Goni Wadai ya tunkari Garwa da jama'arsa, Jamusawa suka karkashe su.

"To ina 'yancin da suka samo?" in ji Kawu, yana kaɗa cokali.

Babu. Ranka ya daɗe, ban ce sun ci nasara ba. Bindiga mai ruwa ta yi nata aikin, amma ni a ganina gida ne ya fi yi musu illa. Zubairu da Hayatu sun kara da juna tun a 1893, kafin Bature ya gama ɗaura sirdi. Ranar da aka rushe Satiru, ran 10 ga Maris, har da dawakan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu a bayan sojan Ingila. Duk sirrin da aka ƙulla a zaure, akwai mai kai shi fada, fada kuma ta kai wa Razdan. Ka ga maganarka ta hantsi da la'asar ke nan.

Kuma in tatsuniya ce, me ya hana Turawa barci? A 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa ta ƙasar Fika bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Buea a Kamaru, ba su sake shi gaba ɗaya ba sai 1959. Har jami'insu Lethem suka tura Sudan ya bi sawun mahajjata. Shekara talatin da shida Shehu Sa'idu yana tsare, Kawu, kan abin da ka ce sai a fim.

Kawu ya yi shiru, ya leƙa cikin kofinsa, ya ce shayin yau ba sukari. Mai shayi ya ce cokali huɗu ya zuba.