Wata Tara a Kan Ruwa

A Disambar 2023 jirgin ruwan Serenade of the Seas ya tashi daga Miami ta Amurka, zai kwana 274 yana zagaya duniya. Ɗaki mafi araha, wanda ko taga babu, ya haura dala dubu 50. Tafiyar wata tara ce cur. Da kamfanin jirgin zai yarda, da mace ta shiga da ƙaramin ciki ta sauko da goyo.

Ni tarbar farko ce ta fi ba ni dariya. Kafin jirgi ya motsa, doka ta ce sai an nuna wa kowa rigar ceto da inda za a taru in abu ya ɓaci. Tun hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia na 2012 aka ƙara tsananta wannan. Ka zube kuɗin gida sukutum, ko akwatinka ba ka buɗe ba, ga wani saurayi yana murmushi yana koya maka yadda ake tserewa.

Sai kuma maƙwabta. Dattijon da ya tsare ka da labarin ciwon gwiwarsa a daren farko, shi ne dai a Antatika, shi ne a Japan. A gari sai ka sa yara su ce ka fita. A nan fa, ina za su ce ka je?