Allo Dai Allo Ne, Alhaji

Alhaji, saƙonka ya iso. Tun kafin in rufe baki a kan maganar shigar da kwamfuta ajin firamare ka yamutsa fuska ka ce, da alli da baƙin allo kuka yi karatu, kuma ga ku nan kun zama mutane. Ban musa ba, kun zama. Sai dai ta WhatsApp ka aiko mini raddin, saƙon murya har na minti bakwai, kuma na ji muryar jikanka ɗan aji uku yana nuna maka inda za ka danna.

Ke ma Hajiya daina dariya, kanki na nufo. Ke ce mai cewa waya tana kashe wa yara ido, tana ɓata tarbiyya. To in autanki ya tsiri rigima kina tsakiyar tuƙin tuwo, me kike miƙa masa? Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ashe wayar halal ce in za ta toshe bakin yaro da katun, sai in za ta koya masa bakwai sau takwas ne take zama fitina.

Amma tsakani da Allah kuna da makami, ba ku dai san inda yake ba. Bari in ara muku, ko kwa huta da kafa hujja da zamaninku a majalisa. A 2005 wani farfesa Ba'amurke, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin kowane yaro da kwamfutarsa, 'yar ƙarama mai launin kore da fari, wai a kan dala 100, ko da yake kuɗinta ya kusa ninka haka da aka zo sayarwa. A 2007 aka gwada ta a firamaren Galadima da ke gefen Abuja. Ba a rufa shekara ba jaridu suka ruwaito cewa wasu yaran sun leƙa shafukan da ko babba ba zai buɗe a gaban surukinsa ba, sai da aka sa musu takunkumi. Ƙasar Peru kuwa ta zuba kuɗi ta sayi fiye da guda 800,000. Da masu bincike suka auna a 2012, sai suka tarar lissafin yaran da karatunsu suna nan inda suke, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kai, har Suwidin, wadda ta yi nisa a wannan harka, a 2023 ministar makarantunta Lotta Edholm ta ce a dawo wa ƙananan yara da littafin takarda.

Na ga har kun gyara zama. Ku dakata tukuna.

Abin da ya faɗi a can shi ne jibge wa yaro na'ura a cinya a juya baya, malamin kuwa ko kunna ta ba a koya masa ba. Ku da kuka yi makarantar allo ai bai kamata a yi muku wannan bayani ba. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, wanda ya iya ya wanke a rubuta masa na gaba, wanda bai iya ba ya maimaita har sai ya zauna. Wannan fa shi ne abin da masu sayar da allon kwamfuta suke tallatawa yau da dogon Turanci, kamar su suka ƙago shi. Kun taɓa ganin allon da ya biya wa yaro karatu shi kaɗai, malam ya tafi kasuwa? To na gilashin ma haka yake.

Shi ya sa ni nake cewa a fara da hannun malami. Jihar Edo ta bi wannan hanya a 2018: malaman firamare ta bai wa allon, darasin ranar yana ciki a tsare, kuma na'urar tana nuna wanda ya zo aiki da wanda ya maƙale a gida. Ina jin wannan na ƙarshen ne ya sa wani abokina malami ya fi kowa tsanar zancen, amma mu bar shi, ya san kansa. Malama ɗaya da waya ɗaya da 'yar lasifika ta isa ta jiyar da aji guda yadda ake furta baƙaƙe, ta nuna wa yaron da bai taɓa wuce tashar garinsu ba teku yana motsi, ko zuciya tana bugawa. A 2020, da korona ta rufe makarantu, ta rediyo aka riƙa karantar da yara a Kano da Kaduna, ban ji kun ce uffan ba. Don rediyo sa'arku ce, tare kuka tashi.

Za ku ce wutar fa? Ajin da ba rufi, ba benci fa? A nan kam na sara muku. Duk wanda ya kai kwamfuta ajin da ruwa ke zuba ya bar kwano a buɗe, kwangila ya je nema, ba ilimi ba. A yi rufin. Amma farantin sola ɗaya ya ishi wayoyin malaman makaranta caji, kuma bai kai kuɗin ragon sunan jikanka ba.

Ga kuma abin da ba ku son a tuna muku. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake rubuta ta. Yaron da ke aji ɗaya yau can zai je, ko kun so ko kun ƙi, ya zauna kusa da wanda ya saba da ita tun yana firamare, shi kuwa yana lalube kamar baƙo a kasuwar Kurmi, agogo na tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku kuka koya mana.

Don haka Alhaji, ranar taron iyaye da malamai ka daure ka je da kanka, ka tambayi hedimasta malamai nawa ne aka koya wa aiki da na'urar kafin a yi zancen sayenta. Kuma don Allah saƙonka na gaba kada ya wuce minti biyu, datata ta kusa ƙarewa.