Mesa a Falo

A Amurka da Turai akwai masu ɗauko mesa su ajiye a falo, har da raɗa mata suna. Wadda suka fi so ita ce 'yar ƙaramar nan mai dunƙulewa in ta tsorata, wadda ake fitarwa daga Ghana, Togo da Benin. Wato abin da mu za mu kira gardi ya raba mu da shi, wani kuɗin jirgi yake biya a kawo masa.

Sabon shiga sai ya sayi akwatin gilashi, ya haɗa mata na'urar ɗumi, don baiwar Allah ba ta saba da sanyinsu ba. Abincinta ɓera ne, daskararre, yana firij gefen naman miya, kuma sai an ɗumama shi kafin hajiya ta kalle shi. Wani lokaci ta yi watanni ba ta ci ba, maigida ya kasa barci, ita ko a jikinta. In za ta yi saɓa idonta ya dushe, sai ya ruga wurin likitan dabbobi.

Ga shi tana iya kai shekara 30, ga maƙwabta tun makon farko sun daina aiko yara ɗiban wuta.