Yadda Na Mallaki Terabait 20

Wani abokina ya kawo mini tsohon katin RAID, irin wanda ake cusawa cikin kwamfuta ya riƙe faifan ajiya, ya ce FreeBSD, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa, ta ƙi ganinsa. Kamfanin da ya ƙera shi bai saki ko shafi ɗaya na bayani ba. Na ce masa, "Wannan ai ƙaramin alhaki ne, bar mini shi, ni zan rubuta masa direba."

A FreeBSD, tun fitowar 3.0 a 1998, harkar faifan SCSI ta wani tsari mai suna CAM take bi. CAM ta miƙo wa direba buƙata, direba ya kai wa kati, ya dawo ya kira xpt_done, alamar ya gama. Nawa direban bai ga dalilin wannan ladabi ba. Kwamfuta ta tsaya cak a tsakiyar tashi tana jiran amsa, ni ma ina jiranta, har shayina ya huce.

Da muka wuce nan, sai aka zo wurin arziki. Katin ba ya jin yaren SCSI, don haka direbana ne ke amsa tambayar READ CAPACITY a madadinsa: gidaje nawa ne a faifan, kuma kowane gida bayit nawa yake ci. Layin adadin gidaje na aro shi daga wani direba. Na girman gida kuwa, da hannuna na rubuta 512. Na kunna. Faifan gigabait 80 ya bayyana da terabait 20.

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na kira uwargida ta zo ta gani. Na yi mata bayanin cewa dama kamfanoni ɓoye mana wuri suke yi, yau Allah ya tona asirinsu ta hannun mijinta.

"To Maigida, nawa ake sayar da shi?"

Na ce ta bari tukuna a tsara shi. Tsarawar ce ta kawo ƙarshen sarauta: kanal, wato zuciyar FreeBSD, ya firgice, allo ya cika da rubutu. Ashe SCSI babban bayit take sawa a gaba, injin Intel kuwa ƙaramin yake sawa. 512 ɗina da aka karanto ta ɗaya ɓangaren ya koma 131,072, ninki 256 cif. Wai akwai wani scsi_ulto4b da aka ajiye musamman don juya lambar. Har gobe ina ganin laifin injiniyoyin da suka kasa zama su daidaita a kan gaba da baya ne.

Na gyara layin, faifai ya koma 80 ɗinsa, na yi shiru da bakina. Sai dai labari ya riga ya tsallaka katanga. Bayan la'asar aka yi sallama, na leƙo na tarar da yaran maƙwabta, kowa da wayarsa a hannu. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Baba, wai an ce a wurinka ake ajiye fina-finai."