Jaki da Tiyar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Gizo ne ya samu fili a Dallol Boso, gab da Filinge, inda ruwa ba ya da nisa, ya kafa garka. Ya shuka albasa da dankalin turawa, ya ɗauki Jaki aiki: jan ruwa kullum, ran Lahadi kuma jan amalanke zuwa kasuwa. Ladansa tiya ɗaya ta dusa a yini.

Rani uku suka wuce. Garka ta ninka, Ƙoƙi ta sayi zanen da ba ta taɓa ɗaurawa ba, tiya tana nan yadda take. Jaki ya je ya durƙusa ya ce, “Maigida, a duba ni.”

Gizo ya ce, “Haba Jaki! Tsakanina da kai har sai an yi maganar awo? Ai mun zama ’yan uwa.” Ya ɗauko tsohon ƙyalle ya naɗa masa, ya ce daga yau shi ne Sarkin Ruwan Kurfai. Jaki ya tafi yana taƙama, ya kwana da yunwa.

Wata safiya a bakin rijiya ya gamu da wata jar saniya, ’yar Azawak, daga Tukunus, inda gwamnati take kiwon irinsu. Ta dubi haƙarƙarinsa, ta dubi rawaninsa.

“Sannu Sarki. Guga nawa kake ja a yini?”

“Da yawa, Inna.”

“Da yawa ba lissafi ba ne, ɗana. Mu can duk nonon da aka tatsa sai an auna an rubuta, shi ya sa ba mai ce mini ban tsinana komai ba. Ka ƙirga aikinka, ka ji abin da ake ba irinka a wani wuri. Kuma kada ka yi magana bayan an kwashe albasa.”

Jaki ya bi maganarta. Kowane guga ya fito, sai ya ture tsakuwa ɗaya da kofato, har tsakuwa ta taru gindin gawo. Ran kasuwa ya tambayi jakunan Bonkuku da na Baleyara, ya ji masu aiki irin nasa tiya biyu suke samu da damin harawa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don ba wanda ya ɓoye masa, tambaya ce bai taɓa yi ba. 

Ya bari sai da zafi ya kama, albasa tana neman ruwa safe da yamma. Ya gayyato Dila, malamin daji, ya zama shaida, ya kai Gizo gindin gawo.

“Maigida, ga aikina na bana. Na bara bai kai rabinsa ba. Tiya biyu nake so da harawa, kamar sauran.”

“Jakuna sun cika gari!” in ji Gizo.

“Sun cika. Amma wanne ne ya san bakin rijiyar nan da ke zabgewa? Akwai mai garka a Bonkuku da ya neme ni. Na fi son nan, shi ya sa na fara zuwa wurinka.”

Bai ɗaga murya ba, bai ƙara ko kalma ba. Gizo ya yi rantse-rantse, ya yi kukan talauci, Jaki yana tsaye. Ƙoƙi ta leƙo ta ga ganyen albasa ya fara langaɓewa, ta ja mijinta gefe. Aka daidaita a kan tiya biyu, harawa kuma ran Lahadi, Dila ya rubuta.

Da maraice Gizo ya fito da awo. Jaki ya duba, ya ga an bubbuge gindin tiyar ya shige ciki. Ya kwance rawani ya miƙa masa, ya ce, “Riƙe wannan, a aro mini tiyar kasuwa.”

Ƙurunƙus.